Gardamar Kotu ta Tara

Ranar Litinin da hantsi Nuriyya ta shiga shagon gyaran waya na Shamsu da ke titin Koudoukou, gilashin wayarta ya tsage. Tun daga bakin ƙofa ta ji muryarta tana tashi a lasifikar shagon. Ba ta yi mamaki ba. Wata bakwai ke nan tana sharhin Kotu ta Tara, duk unguwar Kilomita Biyar an san muryar, fuskar ce dai ba kowa ya sani ba.

Kotu ta Tara shirin talbijin ne da ake nunawa da Faransanci duk Asabar bayan la'asar, ya fi shekara ashirin ana yin sa. Rabin farko 'yan sanda na farautar mai laifi, rabin ƙarshe lauyoyi na fafatawa a gaban alƙali. Kakarta Inno ta fi kowa son shirin, ga shi ba ta jin Faransanci, shi ya sa Nuriyya ta fara naɗa mata bayanin kowane kashi da Hausa tana ɗan surka Sango, yaren mutanen garin. Inno ta tura wa ƙawarta, ƙawar ta tura wa 'ya'yanta. Kafin a ankara an buɗe zaure a WhatsApp mai mutum fiye da ɗari takwas.

Wani saurayi dogo na zaune a benci, jakar takardu a cinyarsa, yana saurare yana girgiza kai. Muryar lasifika tana cewa:

“Jama'a, kashi na ɗari huɗu da sha biyu ya ɓata mini rai. Mai kantin magani ya sa wa abokin cinikinsa guba. Sufeto ya samo kwalbar a cikin motarsa, kowa ya gani. Amma alƙali ya ce wai an buɗe motar ba da takardar izini ba, don haka kwalba ba hujja ba ce. Mutumin ya fito yana gyara wuyan riga yana murmushi. Ni dai na ce alƙalin nan an kai masa goro.”

“Shamsu, wace ce wannan?” in ji saurayin. “Muryarta akwai daɗi, amma ta zalunci alƙali.”

Shamsu ya kalli Nuriyya, ya sunkuyar da kai kan wayar da yake kwancewa, kafaɗunsa na rawa.

“Ta yaya ta zalunce shi?” Nuriyya ta tambaya.

Saurayin ya juyo da saurinsa kamar wanda ya daɗe yana neman abokin musu. “Ba ta kalli minti na talatin da kyau ba. Sufeton nan ya taɓa yin ƙarya a shekarar da ta wuce, a kashin yarinyar otal. Wa ya ga lokacin da kwalbar ta shiga mota? In aka bar ɗan sanda ya buɗe motar kowa ba takarda, gobe abin da ya ga dama zai tsinta a motarka.”

“Motata dai. Ni mace ce, sai ka ce motarki.”

Ya yi dariya ya shafa ƙeya. “Yi haƙuri. Hausata ta kasuwa ce, a gida Sango muke yi. Amma mai wannan muryar, da zan gan ta da na yi mata bayani.”

“To yi mata. Tana jin ka.”

Saurayin ya kalle ta, ya kalli lasifika, ya sake kallon ta. Jakar takardun ta zame daga cinyarsa. Shamsu ya kasa riƙe dariyarsa har sai da ya ajiye sukundireba.

Sunansa Muhyiddeen Sulaimanu. Ya karanta shari'a, yana aiki a ofishin wani lauya a cikin gari kafin ya samu tasa rigar ta lauya. Ya ba ta haƙuri har sau uku, amma bai janye maganarsa ba ko sau ɗaya. Wannan ne ya tsaya wa Nuriyya a rai.

“Ranar Lahadi da safe nake naɗa,” ta ce da ta karɓi wayarta. “In kana da gaskiya ka zo gidan mahaifina, Alhaji Nasidi mai atamfa, ka faɗa a gaban mutum ɗari takwas.”

Da ta koma gida ta nemo kashin ta sake kallo. A minti na talatin ta ga sufeto ya tsaya shi kaɗai a jikin motar, hannunsa ɗaya cikin aljihun kwat. Ta mayar baya ta sake kallo har sau huɗu.

Ranar Lahadi ya zo. A barandar Inno suka zauna, tsohuwar na tsakaninsu da carbinta, waya a kan kujerar tsuguno. Nuriyya ta buɗe da sallama, ta ce yau ta zo da baƙo wanda ya ce ta yi wa alƙali ƙazafi. Suka kama. Ita tana magana da zafin wadda aka kashe wa ɗan'uwa, shi yana bi a hankali yana lissafa abin da doka ta ce. In Hausa ta ƙare masa sai ya tsallaka Sango, ita kuma ta dawo da shi. Inno ta kasa haƙuri ta sa baki.

“Kai yaro, duk wannan surutun, ya kashe ko bai kashe ba?”

“Wallahi Inno ni ma ina zargin ya kashe.”

“To me kake ɓata mana lokaci?”

Ba su cire wannan wurin daga naɗin ba. Kafin azahar saƙonni sun cika zaure. Masu taksi-moto, wato 'yan acaɓa, suka goyi bayan Muhyiddeen, don sun san zafin a tare ka a hanya. Matan layin atamfa suka tsaya wa Nuriyya. Wani mai canjin kuɗi ya turo murya ta minti shida yana rantsuwa matar mamacin ce ta sa gubar. Kowa dai abu ɗaya yake roƙo: a dawo da baƙon nan.

Da yamma saƙonsa ya shigo.

“Bara mo, ina gaisuwa, Alƙaliya. Na gode da shayin Inno. Yau an kayar da ni a gaban jama'a kuma ban taɓa jin daɗin faɗuwa irin haka ba. Ina neman izinin ɗaukaka ƙara ranar Lahadi mai zuwa.”

Ta karanta tana murmushi, ta rubuta ta goge, ta sake rubutawa, ta kira shi da laƙabin da ake kiran lauyoyi da Faransanci.

“An karɓi ƙararka, Maître. Amma ka sani na sake kallon minti na talatin. Kada kanka ya kumbura, ban ce kana da gaskiya ba. Na ce na kalla.”

Haka Lahadi ta riƙa bin Lahadi. Duk Asabar kowa na kallo a gidansu, saƙo na kai da komo kafin a gama tallan tsakiya. Wata rana wuta ta ɗauke ana dab da yanke hukunci, sai ya kira ta daga shagon da ke da sola ya riƙa faɗa mata abin da ke faruwa, numfashinsa har yana sarƙewa. Ta lura ba hukuncin take saurare ba.

Bayan wata huɗu, sun gama naɗa ke nan Inno ta shiga ɗaki ɗauko goro, ya rage murya.

“Nuri, akwai maganar da na shirya da Hausa tun shekaranjiya, na haddace ta tsaf, yanzu ta gudu.”

“Faɗe ta da abin da ya rage.”

“Mbi ye mo. Ina son ki. So na aure, ba na sharhi ba.”

Ta ja gyalenta ta rufe rabin fuska. “Ka daɗe ba ka shigar da wannan ƙarar ba, Maître.”

“Tsoron alƙaliyar nake ji.”

“To je ka ga Baba. Ni dai tawa shaidar tana wurinka.”

Inno ta fito da goro a hannu tana cewa ita kunnenta ya mutu, ba ta ji komai ba, amma a gaya wa angon nata tana son turare mai kyau.

Alhaji Nasidi bai ɗauki zancen da wasa ba. Bayan kawun Muhyiddeen ya je ya gaishe shi a rumfarsa ta kasuwa, ya dawo gida ya kira 'yarsa.

“Nuriyya, kakana da ƙafarsa ya taso daga Damagaram. Shekara nawa muna garin nan ba mu yar da harshenmu ba. Yaron nan ɗan Sulaimanu tela ne, mutumin kirki, ban ce ba. Amma uwarsa 'yar bakin kogi ce, gidansu ba mai haɗa jimla biyu da Hausa. Jikokina da wane baki za su gaishe ni? Sannan aikinsa fa? Ɓarawo ya yi sata, shi ya sa riga ya je ya wanke shi.”

“Baba, ba haka aikin yake ba.”

“Ban ce dole ki auri Ja'afaru ba, ko da yake ya yi mini magana tun bara, kuma na san gidansu ciki da waje. Abin da na ce, wannan sharhin a dakata, shi kuma kada ya ƙara tako mini ƙofa sai na yi tunani.”

Ja'afaru ɗan aminin Alhaji ne, motocinsa biyu ke ɗauko kaya daga Kamaru. Duk zuwansa sai ya kawo wa Nuriyya tsaraba, ita kuma ta miƙa wa Inno ba ta buɗe ba.

Nuriyya ta yi kukanta ta share, ta bi maganar mahaifinta. Ta fita daga zauren, Asabar ma ta daina zama gaban talbijin. Ta rubuta masa:

“Baba ya ce a dakata. Kada ka zo, kada ka kira. Ban canza ba, Maître. Ka riƙe mini jama'ata kada su watse.”

Ya amsa: “Na ji, Nuri tawa. Maganar Baba tana bisa kaina. Zan riƙe su, amma kujerarki ba mai zama.”

Kwana goma bayan haka Alhaji ya shigo gida da rana tsaka, abin da bai saba ba. Ya kira Nuriyya tsakar gida ya danna wayarsa. Muryar Muhyiddeen ce, ba ko tantama:

“Tsohon ɗan kasuwar nan maƙaryaci ne. Yana fakewa da asali da sunan gida, alhali son kansa yake yi. Wallahi bai cancanci 'ya irin wannan ba.”

Daƙiƙa goma sha biyu ce kawai.

“Kin ji wanda kike kuka a kansa,” in ji Alhaji. “Duk layin atamfa an ji. Yau ina zaune mutane na wucewa suna kallona.”

Ta shiga ɗaki ta rubuta: “Na ji abin da ka ce a kan mahaifina. Ashe haka kake. Kada ka sake nema na.” Ta kashe wayar gaba ɗaya.

Inno ba ta gida ranar, ta je sunan jikar ƙawarta. Washegari da safe ta tarar da gida kamar an yi rasuwa, Nuriyya idanu a kumbure, Alhaji ya ƙi karyawa. Da aka kunna mata muryar sai ta saki salati, sannan ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

“Nasidi, kai yanzu da furfurarka? Miƙo mini wayata, Nuriyya. Ni ban fita daga zaure ba, ba wanda ya isa ya fitar da ni.”

Ta sa aka nemo sharhin Lahadin da ta wuce, minti goma sha takwas, ta ce kowa ya zauna. Muryar Muhyiddeen ta fara shi kaɗai, ba armashi. Ya ce kashi na ɗari huɗu da talatin labarin wani attajiri ne mai sayar da katako, wanda ya ƙone rumbunsa da hannunsa, ya bar 'yarsa ta ɗauki laifin don kada sunan gida ya ɓaci. Ya yabi 'yar wasan da ta fito a matsayin 'yar, ya ce inda ta yi shiru a akwatin shaida ya fi duk surutun lauyoyi ƙarfi. Ya soki marubutan da suka sa sufeto ya gano gaskiya daga guntun ashana, ya ce wannan raina hankali ne. A minti na sha ɗaya maganar ta fito, kalma da kalma: tsohon ɗan kasuwar nan maƙaryaci ne. Daga nan ya ci gaba: “Mu da muka taso a Kilomita Biyar mun san iyayen da suka tsaya a ƙofar shago da ransu don 'ya'yansu su ci abinci. Shi ya sa wannan mutumin ya ba ni haushi.”

Nuriyya ta rufe baki da tafin hannu, hawaye na zuba, dariya na neman ƙwace mata.

“Wa ya turo maka guntun?” Inno ta tambayi ɗanta.

Alhaji ya duba wayarsa ya daɗe. “Ja'afaru.”

“Ja'afaru yana cikin zaure. Ranar Lahadi har ɗan yatsa ya ɗaga wa sharhin, na gani da idona. Ya ji shi daga farko har ƙarshe.”

Alhaji ya kira Ja'afaru nan take ya sa a lasifika. Ja'afaru ya ce shi ma turo masa aka yi. Aka ce wa ya turo. Ya ce zai duba. Aka ce ya duba yanzu ana jira. Sai layin ya katse, bai sake shiga ba.

Nuriyya ta ruga ɗaki ta kunna wayarta. Saƙo ɗaya ne tak ya shigo tun jiya.

“Ban san me kika ji ba, Nuri. Ban taɓa faɗin mummuna a kan Baba ba, a fili ko a zuci. Ba zan zo ba tunda ya hana. Ina nan inda kika bar ni.”

Ta rubuta: “Na yanke maka hukunci ban ji ta bakinka ba. Ka yafe mini, Maître ɗina. Kunya kamar in nutse.”

Ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta dawo. “Na yafe tun jiya. Amma ban ci abinci ba tun jiya ɗin, wannan kuma sai kin biya da girkinki.”

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Alhaji ya aika aka kira Muhyiddeen. A falo suka zauna, Nuriyya na bayan labule ita da Inno, kowace ta kasa kunne.

“An ɓata maka suna a kasuwa, me ya hana ka zo ka wanke kanka?”

“Kun ce kada in tako ƙofa, Baba. Na ga gara a zage ni da in karya maganarku.”

Alhaji ya yi gyaran murya. “To gaya mini gaskiya. Me ya kai ɗan Musulmi aikin kare masu laifi?”

Muhyiddeen ya gyara zama. “A shekarun rikici, ina ɗan shekara sha huɗu, aka ɗauke babana daga kan keken ɗinkinsa. Wani ne ya nuna shi da yatsa, shi ke nan. Ba takarda, ba tambaya. Kwana arba'in ba mu san inda yake ba. Wani lauya da bai san mu ba, ba ma addininmu ɗaya ba, shi ya yi ta yawo har ya fito da shi. Ranar da Baba ya shigo gida ba mu gane shi ba sai da ya yi magana. Tun ranar na san aikin da zan yi.”

Alhaji ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Shi ma ya ga waɗannan shekarun, ya san waɗanda aka ɗauka ba su dawo ba.

“Sulaimanu bai taɓa gaya mini ba.”

“Ba ya son zancen.”

“Ni ma da yatsa aka nuna mini kai na yarda,” in ji Alhaji a hankali. “Ka yafe mini, ɗana. Ka ce wa mahaifinka gobe ina nan tafe shagonsa da kaina. Sharaɗina ɗaya ne: jikokina su iya gaishe ni da Hausa.”

“In sha Allahu, Baba. Uwarsu ba ta barin kuskure ya wuce.”

Guɗar Inno ce ta tona asirin masu laɓe.

Labari ya riga su isa kasuwa. Ranar Lahadi da Nuriyya ta dawo zaure ta yi sallama kawai, saƙonnin murna suka yi ta zubowa har wayar ta ɗau zafi. Masu taksi-moto suka ce rakiyar amarya tasu ce, kyauta. Matan layin atamfa suka fitar da anko kafin ma a sa rana.

Wata biyu bayan haka aka ɗaura aure a masallacin unguwa, jama'a har bakin titi. A gidan Alhaji an jera tukwanen waina da shinkafa, dangin ango kuma suka iso da gozo, wato tuwon rogo, da miyar wani ganye da suke kira koko a manyan kwanoni, suna waƙa da Sango. Matan gidan suka tsaya kallo na ɗan lokaci, sai ga ƙanwar Alhaji ta ɗaure gyale a ƙugu ta faɗa cikinsu. Daga nan ba a sake gane dangin wa ke rawa ba.

Da la'asar aka fito da amarya. Sharifa, mahaifiyar ango, ta rungume ta ta ce da ita 'yata, ta yi mata addu'a doguwa. Alhaji ya riƙo hannun Nuriyya har bakin mota. Ya fara nasihar da ya kwana uku yana shiryawa, ya kai ga “Nuriyya, ki riƙe” sai muryar ta tsaya. Ya gwada sau biyu ta ƙi. Sai kawai ya ɗora hannunta cikin na Muhyiddeen ya haɗa ya damƙe da nasa biyun.

“Ga ta nan,” ya ce. “Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari.”

Amin ɗin ta tashi daga ƙofar gida har ƙarshen layi. Babura suka kunna a lokaci guda suka jeru gaba da baya. A cikin mota Muhyiddeen ya sunkuyo ya leƙa ƙarƙashin mayafinta.

“Kuka kike yi ko dariya, amaryata?”

“Duka biyun,” ta ce, ta ƙara matse hannunsa. “Ce wa direba ya tafi a hankali. Ina so in ga kowa.”